Kaka, Koton Roba da Giwan Ruwa

Suleja garin duwatsu ne, daga Zuma har tsaunukan da suka yi mana ƙawanya, kuma Rafin Iku da ya ratsa gari ba irin ruwan da zai riƙe zuriyar masunta ba ne. Amma duk wanda ya san unguwar nan tamu ya san gidaje da yawa a cikinta jinin ruwa ne. Akwai waɗanda iyayensu suka baro ƙasar Yawuri bayan an datse Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya cinye gonaki da tsibirai da tsohuwar Busa. Akwai 'yan Argungu da 'yan Haɗeja da suka zo cin rani lokacin da aka fara ginin birnin tarayya, wanda ya karɓi sunan Abuja daga garin nan bayan 1976. Sun zo da niyyar wata 3, ga shi yau wasu sun haura shekara 40. Mun zama direbobi da teloli da 'yan tireda da ma'aikatan ofis, amma da zarar kaka ta kama, sai ka ji hirar majalisa ta karkata zuwa ruwa.

Ga manomi, kaka lokacin girbi ne, lokacin sabuwar doya da gyaɗa da dawa ta fara sunkuyar da kai. Ga ɗan ruwa kuwa, wani girbin ne daban, kuma yana da kyau yaranmu da aka haifa a nan su san dalili. Idan damina ta yi ƙarfi a watan Agusta da Satumba, koguna da madatsai sukan cika su malala cikin fadama da ciyayi. A nan yawancin kifayenmu suke zuwa su saki ƙwai, domin ruwan ba shi da zurfi, ga ɗumi, ga abinci, ga maɓoya. 'Ya'yan kifi su ƙyanƙyashe su yi ta kiwo cikin ciyawa. To daga watan Oktoba, in sama ta ɗauke, ruwan fadama sai ya fara janyewa, dole waɗannan 'yan ƙananan su biyo shi su koma babban ruwa ta bakin rafuka da 'yan mashigai. Manyan kifaye masu farauta sun san da haka. A bakin waɗannan mashigai suke laɓewa, kamar yadda kura ke jiran garke a mashaya. A daidai wannan lokaci kuma jan ruwan damina yake fara kwantawa, ido ya fara gani a ƙarƙashi. Shi ya sa a shekara babu lokacin da giwan ruwa da tsage suke kai sara kamar yanzu.

A 'yan shekarun nan wani sabon salon su ya shigo unguwa ta hannun samarinmu masu aiki a Abuja. Wasu sun gan shi a wajen Turawa da 'yan Sin da suke zuwa bakin ruwa ranar hutu, wasu kuma a waya suka gani. Sanda ce doguwa mai lanƙwasa, da ɗan injin naɗe zare a gindinta, a ƙarshen zaren kuma ba tana, ba fara, ba gutsuren sabulu irin wanda ake yi wa tarwaɗa koto da shi. Wani ɗan kifin roba ne ko na katako, an yi masa fenti da idanu, ƙugiyoyi masu baki 3 na reto a cikinsa da wutsiyarsa. Mu dai koton roba muke ce masa.

Ranar da aka fara kawo shi majalisa dariya aka sha. Wani dattijonmu ɗan Yawuri, wanda ya yi shekaru yana jan taru kafin ya koma sayar da kifin banda, ya juya shi a hannu ya shinshina, ya ce, "Kai yaro, wannan ai abin wasan jikokina ne. Kifin da zai haɗiyi wannan, sai dai in kifin rijiya ne."

Yaron ya ce, "Baba, ai ba ƙamshi yake bi ba, motsi yake bi."

Dattijo ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To in haka ne, ba ku zo da sabon abu ba. Ko mamari ai ba a sa masa koto."

Gaskiyarsa, ko da yake hanyar ta bambanta. Mamari jerin ƙugiyoyi ne da ake shimfiɗawa kifi ya gifta ya maƙale, shi kuwa koton roba yaudarar mafarauci yake yi. Kifi yana da wani siririn layi a gefen jikinsa tun daga kai har wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa ko da a duhu ne. Ɗan kifin da ya ji rauni yana tafiya yana tangaɗi, kuma wannan tangaɗin shi ke gaya wa babba cewa ga abinci mai sauƙi. Aikin koton roba ke nan, ya kwaikwayi tafiyar mai rauni.

Abin da ya ƙara kwantar wa dattawa hankali shi ne da suka ji cewa ɗaya daga cikin shahararrun masu ƙera wannan koto talakan masunci ne irinsu. Sunansa Lauri Rapala, mutumin ƙasar Finlan. A 1936 ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace, ya naɗe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, bayan ya daɗe yana lura da yadda manyan kifaye ke ware mai rauni daga cikin garke. Neman abincin iyali ya kai shi, don ya huta da wahalar ɗaura koto a ɗaruruwan ƙugiyoyi. Yau sunansa ya zama sunan kamfani da ake sayar da kayansa a duniya.

A Amurka wannan salon su babbar harka ce. Suna da wani kifin tafki da suke kira bas, ana gasa a kansa har a talabijin, kuma su ma farkon kakarsu na cikin lokutan da suke ɗoki, saboda a lokacin ne ƙananan kifaye ke taruwa a bakin rafuka, manya su biyo su. Mu ba mu da bas a ruwanmu, kuma ba mu yi rashi ba. Giwan ruwa ɗan asalin Kwara ne da Binuwai da Tafkin Chadi da Kogin Nilu, yana iya kusantar mita 2 a tsawo, nauyinsa ya haura kilo 100. A gasar Argungu ta 2020, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Bas ɗin da Ba'amurke zai ɗauki hoto da shi ya rataya a falo, giwan ruwanmu zai iya yin karin kumallo da shi.

Ga masu sha'awa, ga kaɗan daga abin da muka tara a 'yan shekarun nan. Koton iri-iri ne. Akwai mai kama da bakin cokali, ƙarfe ne zalla, yana juyawa yana walƙiya, shi tsage ya fi so. Akwai ɗan kifi mai leɓen roba a gaba, wanda in ana jan sa yake nutsewa yana kaɗa jiki, kuma gwargwadon tsawon leɓen, gwargwadon zurfin da zai kai. Akwai na roba mai laushi da ake sa wa dalma a kai, a bar shi ya sauka ƙasa a riƙa ɗaga shi ana saki. In ruwa bai gama washewa ba, a ɗauki mai launi mai haske ko mai 'yan duwatsu a ciki da ke ƙara. In ya washe, mai ruwan azurfa irin na ɗan kifin gaske ya fi. Lokaci kuwa, daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Giwan ruwa ba ya son tsakar rana, gindin duwatsu yake nema da kututturan da ruwa ya cinye da inda gaɓa ta yanke ta yi zurfi farat ɗaya. A jefa koto ya wuce maɓoyar, a jawo shi a hankali ya gifta ta gabanta, a ɗan dakata, a ci gaba. Sau da yawa a wannan ɗan dakatawar yake kai sara.

Abu 2 kada a manta. Tsage haƙoransa kamar ƙusa suke, yana datse zaren roba kamar almakashi, sai an ɗaura ɗan guntun waya tsakanin zare da koto. Shi kuma giwan ruwa in ya ji ƙarfe yakan yi tsalle sama ya buɗe baki ya girgiza kai, in zare ya yi sako-sako a wannan lokacin, to ya tafi. Marfin kunnensa kuma yana da kaifi, kada a cusa yatsa a wurin da garaje.

Matsalarmu ta farko ita ce inda za a je. Madatsar Usuma tana kusa, amma ruwan shan Abuja ne, ba wurin da mutum zai faɗa ba tare da izini ba. Kogin Gurara yana nan kan hanyar Minna, ana tsallaka shi a Izom, sai dai a farkon kaka ƙarfinsa bai gama sauka ba, duwatsunsa kuma santsi gare su. Shiroro, wadda aka datse a kan Kogin Kaduna aka buɗe a 1990, babban tafki ce, kuma da can kasuwar Zumba ba baƙuwarmu ba ce. Amma kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan wannan yanki, har wasu daga cikin mutanensa suna zaune tare da mu yanzu a matsayin 'yan gudun hijira. Saboda haka in mun sami hali, doguwar hanya muke ɗauka, ta Lambata da Lapai da Agaie da Bida da Makwa, har Sabuwar Busa, mu kwana 2 ko 3 a bakin Kainji wajen dangi.

A can ne maganar ta tashi daga wasa ta zama abin tunani. A tafiyarmu ta kakar bara mun yi kwana 3 muna jifa safe da yamma, a wuraren da dattijonmu ya ce a ƙuruciyarsa ba a rasa manya. Mun sami tsage, mun sami giwan ruwa guda 5, amma babu wanda ya kai tsawon kamu guda. Da yamma kuma in muka dawo gaɓa, sai mu tarar da kwanduna cike da 'yan mitsi-mitsin kifi ana shanyawa. Wanda bai sani ba zai ce duk warangi ne. Warangi kuwa halittarsa ke nan, ko ya tsufa ba ya wuce ɗan yatsa, kama shi ba laifi. Amma dattijo ya durƙusa ya ɗebo hannu guda ya baza a tafinsa, ya riƙa warewa yana nuna mana: wannan ɗan karfasa ne, wannan ɗan ragon ruwa, wannan mai zane-zane a jiki ɗan giwan ruwa ne.

Ya ɗaga na ƙarshen ya ce, "Kun ga wannan? Da an bar shi shekara 5, mutum 2 ne za su ɗauke shi. Yanzu ko miyar yaro bai isa ba."

Washegari da ɗaya daga cikin samarinmu ya kamo wani ɗan madaidaici, ya riƙe shi yana shawara, sai ya ce, "Baba, in mayar ko in riƙe? In na sake shi ai gobe taru zai kwashe shi."

Dattijo ya ce, "Mayar da shi, ɗana. Abin da wani zai yi gobe, shi za a tambaya. Kai dai hannunka ya fita."

Wannan ne babban abin da muka gani a koton roba. Taru mai ƙananan idanu ba ya tambaya, duk abin da ya tarar nasa ne. Guba ta fi shi muni, tun daga majimfa ta gargajiya har zuwa gamalin, maganin ƙwarin da wasu ke zubawa a ruwa ya kashe babba da yaro da ƙwai, sannan a kawo mana kifin kasuwa mu ci. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, a wasu wuraren ya koma abin tace 'ya'yan kifi a bakin mashigai, kuma a kaka aka fi yin haka, daidai lokacin da suke fitowa daga fadama. Shi kuwa mai sanda kifi ɗaya yake kamawa a lokaci guda, da ransa, ya dube shi, ya auna shi, ya yanke shawara. A tsakanin kamawa da jefawa cikin jirgi akwai ɗan lokacin da mutum ke da zaɓi, kuma wannan zaɓin ne sauran hanyoyin suka rasa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifin ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma ƙayyade girman idon taru. A shekarun 1990 an yi wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus a Tafkin Kainji, wanda ya yi ƙoƙarin hana babban tarun nan da ake ja zuwa gaɓa, ya kuma jawo sarakunan gargajiya cikin kula da ruwan. Cibiyar binciken kifi ta ƙasa tana nan a Sabuwar Busa. A Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka, inda aka kai giwan ruwa a shekarun 1950 har ya zama babbar hajar da ake fitarwa Turai, hukumomi sun taɓa sa ƙa'idar kada a kama wanda bai kai santimita 50 ba, ko wanda ya wuce 85. Dalilinsu a fili yake: ƙarami bai haihu ba tukuna, manya-manyan kuwa galibi mata ne, kuma mace guda tana iya sakin miliyoyin ƙwai. Su ma Amurkawa tun 1972 manyan gasanninsu na bas suka fara mayar da kifi ruwa da ransa bayan an auna.

Amma kafin duk waɗannan, iyayenmu suna da tasu dokar. Sarkin Ruwa yakan rufe wani gurbi ya ce ba a taɓa shi sai lokaci kaza, kuma ba mai ƙetarewa. Bikin Argungu da aka fara a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, a kan wannan ya ginu: ana kame hannu daga Matan Fada a bar kifi ya girma, sannan a buɗe a yi su rana guda da homa da gora. Masu zuwa kallo manyan kifayen suke gani, ba sa ganin watannin haƙurin da suka haifar da su.

Kada a ɗauka muna zagin masunta ne daga inuwar shago. Mu muna zuwa ruwa ne don nishaɗi da kewar gida, in mun kama mu gode, in ba mu kama ba mu dawo kan sana'armu. Mai taru kuwa da shi yake biyan kuɗin makaranta da na asibiti, kuma mutanen bakin ruwa sun ƙaru, kifi ya ragu, wasu an kore su daga gonakinsu ba su da abin yi sai su. Ba za a ce wa mai iyali 10 ya ajiye taru ya ɗauki sanda ba, sanda ba ta ciyar da gida. Kuma mu ma ba Turawa ba ne da za mu sumbaci kifi mu sake shi duka. In Allah ya ba mu wanda ya isa, sai ya ga tukunya, maƙwabta ma su shaida. Abin da muke cewa shi ne, hannun da ke sa ƙaramin taru a ruwa, kuɗin kasuwa ne ke tura shi, kasuwar kuma mu ne. Kifin da ake kwasowa daga Kainji da Shiroro da Jebba, a garuruwa irin namu yake ƙarewa, a kasuwar IBB da Madalla da Dikko, daga nan ya wuce Abuja.

To me ke hannunmu? Na farko, iyayenmu mata da ke cefane da 'yan'uwanmu dillalan banda su koyi bambanta warangi da 'ya'yan manyan kifi. Ba abu ne mai wuya ba, akwai dattawa a unguwar nan da za su nuna a minti 5. In dillali ya ga kwandon jarirai ba ya tafiya, zai aika wa mai jirgi saƙo, kuma wannan saƙon ya fi na ma'aikacin gwamnati saurin isa. Na biyu, kifin da ya zo da laushi, yana saurin ruɓewa, ko yana wani wari da ba na kifi ba, a bar shi, lafiyar yaranmu ta fi arhar da aka yi mana. Na uku, mu masu sanda mun yi wa kanmu ƙa'ida: duk giwan ruwan da bai kai kamu guda ba, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ruwa zai koma. A jiƙa hannu kafin a riƙe shi, a cire ƙugiya da filaya, kada a daɗe da shi a iska. In kuwa aka dace da ƙatuwar mace mai ciki cike da ƙwai, to a nan ne za a gane wanda zuciyarsa ta ƙoshi.

Sai kuma ladabin baƙunta, wanda bai kamata a koya wa ɗan unguwar baƙi ba. Kowane ruwa da masu shi. In an isa, a fara gaida Sarkin Ruwa ko mai unguwa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora a biya shi haƙƙinsa. Kada a jefa koto kan tarun wani ko mamarinsa. A sa rigar ruwa kafin a shiga kwale-kwale, ko da mutum yana taƙama shi jikan Sarkawa ne, domin jiharmu ta binne mutane da yawa a haɗarin jirgin ruwa a 'yan shekarun nan, kuma kututturan da ke ɓoye kifi su ne ke fasa jirgi. Kada a yi dare a kan ruwa, kada kuma a kama hanya sai an tambayi labarinta.

Yaranmu da aka haifa a Suleja da yawansu kifin da suka sani shi ne tarwaɗar kududdufin siminti da na kwali mai ƙanƙara. Ba su taɓa ganin giwan ruwa ya fasa ruwa ya yi sama da hantsi ba, ba su san sunan balli ko yauni ko kurungu ba. Wannan sandar da aka yi wa dariya ita ce ta sa wasunsu suka fara zama kusa da kakanninsu suna tambayar sunayen kifi da na taurari da na iska, kuma tsofaffin da muke zaton sun manta, ashe jira suke a tambaye su.

Ruwa ya fara janyewa, nan da 'yan makonni hunturu zai busa, sanyi ya sa kifi ya yi ƙasa. Duk mai son a tafi da shi bana, ko mai son ya turo ɗansa ya koyi ɗaurin ƙugiya, ya same mu a majalisa bayan sallar isha'i. Sanda akwai ta aro. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya bar wa jikokinmu abin da za su kama.